Sanƙon Mai Aski

"Mene ne wannan, Kamilou?"

Tunda muka yi aure ban taɓa kama sunansa gatsau ba sai ranar. Shi ma ya ji abin a jikinsa, don lomar da ya ɗauko tsayawa ta yi tsakanin kwano da baki.

Kwalin na dangwarar masa a gefen abincin. Ɗan ƙaramin farin kwali ne, na tsinto shi da safe ina shara, cikin tsohuwar jakar kayan askinsa, ƙarƙashin injin da ya lalace. Rubutun jikinsa na Turawa ne, ban iya karantawa ba. Amma hoton da ke baya ko yaro zai gane shi. Mace ce mai ciki aka zana, aka ja mata jan layi aka soke ta.

"Nafi... ina kika samo wannan?"

"Ni na fara tambaya!"

"Ki zauna, don Allah..."

"Ba zan zauna ba! Shekara uku ina shan sassaƙe da saiwoyi. Duk wanda zai taso daga Damagaram sai Mama ta sa ya riƙo mini ƙulli. Na yi kuka a kan darduma har na gaji. Ashe kai kana gefe kana haɗiyar maganin hana haihuwa!"

Ya miƙe zumbur, har kwanon miya ya kusa kifewa.

"Subhanallahi! Wallahi ba shi ba ne, Nafina. Na rantse da wanda ya halicce ni."

"To na mene ne?"

Ya kai hannu ya shafa sumarsa, ya kalli ƙofa, ya kalli ƙasa.

"Ba zan iya faɗa miki ba..."

Kuka ya ƙwace mini. Na fizgi mayafina, na cusa kwalin a jaka, na fito. Yana bina ba takalmi har bakin titin unguwarmu ta Manshiya, yana "Nafi, ki tsaya, hasken idona ki tsaya," masu gareji suna leƙenmu. Na tari motar da za ta bi hanyar Samnu, na ce a sauke ni a Zighan, gidanmu.

A cikin motar nan babu abin da ban tuna ba.

A Zighan na girma, wani ƙauye kusa da Sabha a Libiya. Babana, Malam Assoumane, ya daɗe yana kula da gonar dabinon wani Balarabe a can. Ranar da na fara ganin Kamilou, rakiyar Baba na yi zuwa Sabha. Shekarun nan ne da Libiya ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa, gari ya cika da mutanenmu da 'yan Kano da 'yan Gana da 'yan Chadi, ko'ina ka duba allo ne da taswirar Afirka. Baba ya shiga wani shago a gyara masa gemu, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa.

Mai askin ya hango ni ta madubi. Ya ci gaba da hangowa. Kafin a ankara ya kwashe wa Baba gemun ɓangare ɗaya tas!

To, haƙurin da ya biyo mu Zighan yana bayarwa, shi ne ya zama zance, zance ya zama aure.

Kuma gaskiya Kamilou yana da suma. Baƙa wuluk, a cike, tana sheƙi. Hotonsa ne ma aka zana a allon shagon. Samari in sun shigo ba sa wani dogon bayani, kansa kawai suke nunawa su ce, "Irin naka." Har laƙabi suka sa masa, Kamilou Mai Suma.

Shi ne yau ya zalunce ni haka? Na rufe fuska da mayafi na ci gaba da kukana har muka iso.

Mama tana ganin hoton ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Yaron nan mai kunya? Wallahi ba za ki koma ba! Malam, ka gani?"

Baba ya jujjuya kwalin a hannunsa, ya sa shi a aljihu.

"Na gani, Ramatou. Amma ban ji ta bakinsa ba. A ba yarinya ruwa ta sha."

Washegari da hantsi sai ga shi. Ya riƙo burodi da sukari, idanunsa sun yi ja, amma sumar nan a taje take tsaf. Baba ya shimfiɗa tabarma a inuwar dabino ya ɗora shayi a garwashi. Ni da Mama muka laɓe a bayan labulen ɗaki.

Sai da aka sha kofin farko, sannan Baba ya fito da kwalin ya ajiye a tsakaninsu.

"Kamilou, ga ni, ga ka, ga abin da ya koro mini 'yata. Maganin mene ne?"

Kamilou ya sunkuyar da kai.

"Na... na kai ne, Baba."

"Ciwon kai?"

"A'a. Na saman kai."

"Taɓuwa?" Baba ya rage murya. "Faɗa mini, ɗana, lalura ba abin kunya ba ce."

Mama ta kama salati a kunnena.

"Ba taɓuwa ba ce, Baba." Muryarsa ta koma kamar ta mai raɗa. "Sanƙo ne."

"Me?"

"Sanƙo... maganin sanƙo ne."

Gidan ya yi tsit. Ko akuyar Mama ta daina tuƙa.

Baba ya daɗe yana kallonsa. A hankali ya kai hannu ya cire hularsa. Rana ta ratso ta ganyen dabino ta sauka a kansa, kan nan ya ɗauki ƙyalli kamar sabon faranti.

"Irin wannan?"

"Irinsa, Baba."

Dariyar da Baba ya yi, ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Ya kwanta gefe yana dukan tabarma, hawaye na zuba. Mama ta saki labule ta zauna daɓas tana tafa hannu.

Kamilou dai kansa na ƙasa, yana ta bayani da sauri. Tun kafin aurenmu ya ga tsakar kansa ta fara haske. Ya tsorata. Wani mai kantin magani da yake yi wa aski ya nuna masa ƙwayar, ya ce kullum ɗaya. Ya fara sha, gashi ya tsaya, har ya ƙaru. Hoton matar kuwa, an ce mai ciki ce ba a so ta taɓa ƙwayar, shi ya sa ma yake ɓoye ta nesa da ni.

Na fito ban san na fito ba.

Baba ya goge idonsa, ya ɗauki butarsa. "Bari in duba ruwan gona. Ramatou, zo ki taya ni."

Mama ba ta taɓa taya shi duba ruwan gona ba, amma ta bi shi.

Na tsaya a kansa, hannuna a ƙugu.

"Yanzu kai ka gwammace in tafi ina zaton mugu ne kai, da in san kanka zai yi sanƙo?"

"Ke kika ce sumata ce ta fara burge ki..."

"Na ce ta fara! Ban ce ita na aura ba!"

"Nafi, mai aski ne ni. Wa zai miƙa kansa ga wanda ya kasa riƙe nasa?"

"Shi ya sa ka bar ni na kwana ina kuka?"

Ya ɗago. Idanunsa sun cika taf.

"Ni ma ban runtsa ba, masoyiyata. Na yi wauta. Ki yafe mini."

Na so in ci gaba da fushi, wallahi na so. Amma da na tuna muryarsa yana cewa "na saman kai," sai dariya ta kubce mini, ga hawaye ga dariya. Ya kamo bakin mayafina ya riƙe kamar wanda za a ƙwace wa.

Da za mu tafi Baba ya rako mu bakin hanya. Fuskarsa ta koma ta manya.

"Dariya mun yi ta, ta wuce. Amma abin da mutum ya shekara da shekaru yana haɗiya, ya kamata likita ya san da shi. Kuma 'yata kaɗai ake ta ɗura wa magani, kai ba a taɓa duba ka ba. Ku je tare."

Muka je. Likitan wani dattijon Balarabe ne, Dakta Zuhair, mai yawan murmushi. Ya duba ni ya ce bai ga komai ba. Ya tura Kamilou awo. Ranar da muka koma karɓar sakamako, Dakta ya ɗora kwalin a tebur yana ɗan buga shi da biro.

"Wannan ba maganin hana haihuwa ba ne," ya ce. "Maza da yawa suna sha suna haihuwa. Amma a wasu yakan rage ƙwayoyin haihuwa, kuma naka sun yi ƙasa. Ba zan rantse shi ne dalili ba. Shawarata ka daina, mu sake awo bayan wasu watanni. Sau da yawa abin yakan dawo."

Kamilou ya kai hannu ya shafa sumarsa.

"Gashin fa, Dakta?"

"Shi zai tafi. Ba rana ɗaya ba, amma duk wanda maganin ya riƙe maka zai zube."

"In na daina, tabbas za mu samu haihuwa?"

"Tabbas na Allah ne, ya akhi. Ni dai na faɗa maka abin da na sani."

A hanyar gida na yi wa kaina alkawari ba zan roƙe shi ba. In ya daina don na matsa masa, duk gashin da ya faɗi ni zai kalla.

Kwanaki suka shuɗe, kwalin yana kan taga, yanzu ba ɓoyo. Da safe sai in ga ya tsaya a gabansa, ya ɗauka, ya ajiye, ya sake ɗauka. Wata rana ya sha, wata rana ya fasa.

Ran nan ya dawo cin abincin rana da wuri, ya same ni a tsakar gida ina tace jiƙon saiwar da Mama ta aiko. Na toshe hanci zan kafa kai, ya riƙe kofin.

"Kawo in ɗanɗana."

"Ba naka ba ne, na mata ne."

"Kawo dai."

Ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya. Ya ruga bakin rariya yana tofarwa, yana kakari, yana neman ruwa.

"La'ilaha illallahu! Nafi, wannan guba kike sha?"

"Safe da yamma."

"Tun yaushe?"

"Tun shekararmu ta farko."

Ya tsaya yana kallona, ruwa na ɗiga daga haɓarsa. Ya karɓi kofin ya tuttular a rariya. Ya shiga ɗaki ya ɗauko kwalin, ya sa takalmi.

"Ina za ka?"

"Zan mayar wa mai kantin kayansa. Ke kin sha ɗaci saboda mu biyu, ni ina shan ƙwaya saboda madubi. Ya isa haka."

Na jingina da bango ina kallonsa. Daga bakin ƙofa ya waigo, ya ɗan yi murmushi mai ban tausayi.

"Ki ƙare wa sumar nan kallo, Nafina. Baƙuwa ce."

Watannin farko babu abin da ya canza, har ya fara cika baki wai ƙila shi kansa daban ne. Sai kuma abu ya fara. A matashin kai. A mataji. A wuyan farar rigarsa ta Juma'a. Da safe nakan yi sauri in kaɗe matashin kafin ya dawo daga masallaci, ashe yana lura.

"Ki daina wahalar da kanki," ya ce. "Na ƙirga su tun kafin in fita."

Ya sayo hula mai baki, irin wadda muke ce wa kaske. Da ita yake aski, da ita yake cin abinci. Abokansa na shago kuwa ba su raga masa ba.

"Mai Suma, yau kuma sanyi ake a Sabha?"

"Mai Suma, wancan na jikin allo ƙaninka ne?"

Yakan yi dariya a gabansu. In ya dawo gida sai dariyar ta ɗauke. Wasu samarin ma suka koma shagon wani ɗan Gana a bayan tasha. Awo na biyu ya nuna abu ya ɗan gyaru, amma wata ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, ni dai shiru.

Wata Juma'a bayan la'asar na shigo ɗaki na same shi da madubi biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, yana leƙen tsakar kansa. Gaban ya ja baya, tsakiya ta buɗe, saura wani ɗan tsibiri a goshi da yake ta lallaɓawa da mataji.

Ya ajiye madubin da ƙarfi.

"Ga gashi ya tafi, ga ɗa bai zo ba. Na yi biyu babu, Nafi!"

Maganar ta soke ni. Na ajiye kwanon da ke hannuna.

"Ni fa? Ba ka ƙirga da ni ba?"

"Ba haka nake nufi ba..."

"Ranar da ka zubar da jiƙon nan a rariya, ka san me na ji? Ji na yi an sake ɗaura mana aure. In Allah ya ba mu ɗa, mun gode. In bai ba mu ba, ni dai na ga mijin da ya zaɓe ni. Ba ka yi biyu babu ba, Yaya Kamilou. Sai dai in ni ba komai ba ce."

Ya rufe fuska da tafukansa. Na ga kafaɗunsa suna motsi. Na matsa na cire hannayen, na riƙe su.

"Ke ce komai," ya ce da ƙyar. "Wallahi ke ce komai."

"To tashi ka ɗauko injin."

"Wane inji?"

"Na aski. Wannan tsibirin ya ishe ni kallo. Kullum kana gadinsa kamar gonar gado."

Ya zaro ido. "Ke? Ke za ki yi mini aski?"

"Matar mai aski ce ni."

Na zaunar da shi a kujera 'yar tsugune a tsakar gida, na ɗaura masa zanena a wuya. Na kunna injin. Na bi ta tsakiya na fitar da hanya guda, kamar titin Samnu.

"Wayyo! A hankali! Ba haka ake riƙewa ba... kwantar da shi... Nafi, kunnena!"

"Ka yi shiru, kwastoma ba ya koya wa mai shago aiki!"

Da na gama na zagayo gabansa na kalle shi. Kunnuwansa, waɗanda suma ta ɓoye mini shekara da shekaru, sun fito sun tsaya tsaye ɗaya nan ɗaya can.

Na cije leɓe. Na kasa. Na durƙushe ina dariya har da riƙe ciki.

"Ya yi muni ko?"

"Wallahi ka yi kyau... kunnuwan ne dai... ashe haka suke?"

Ya ɗauki madubi ya duba, ya juya hagu ya juya dama. Shi ma ya fashe da dariya. Na tsaya a bayansa na ɗora tafina a kan nan mai santsi da ɗumi, na sunkuya na sumbace shi a tsakiya.

"Nan wurin nawa ne," na ce. "Da suma ta tare mini."

Washegari ya tafi shago ba hula. Aka yi ta ihu, aka yi ta tsokana, kwana biyu abin ya wuce. Har wasu dattawan 'yan Chadi da masu aikin gini suka fara zuwa, wai a yi musu tal-kwabo irin nasa, ya fi sauƙi da zafin nan. Ya kira mai fenti ya goge sumar jikin allo.

Hular ba ta sake fitowa ba sai da saƙo ya zo cewa Inna Koubra, mahaifiyarsa, tana hanya. Idonta ɗaya ya yi yana, za a yi mata aiki a nan Sabha. Rabonta da shi tun bikinmu.

"Me za ka yi da hula kuma?" na tambaye shi ranar da za mu tarye ta.

"Inna ta san ni da suma. Kada ta zaci ciwo na yi a ƙasar mutane."

Ta iso a gajiye, ta sha hanyar Agadas, amma bakinta bai gaji ba. Ta rungume ni, ta shafa fuskata, ta kalle shi sama da ƙasa da idonta mai lafiya.

"Auta, ka yi ƙiba. Wannan hular 'yan ƙwallo fa? A cikin gida ma?"

"Ado ne, Inna."

Aka yi mata aiki lafiya. Duk kwanakin jinya hular tana kansa, alwala ma a shago yake yi. Ranar da aka cire mata bandeji muka dawo gida, tana zaune a tabarma tana ta kallon komai kamar sabuwar haihuwa, tana cewa ashe labulen nan fure gare shi. Aka kira azahar. Kamilou ya manta. Ya ɗauki buta ya tsuguna a bakin rariya, ya zo shafar kai, ya ture hular ta faɗi.

Kofin da ke hannun Inna ya suɓuce.

"Malam..." ta ce.

Ta toshe bakinta da hannu biyu.

Kamilou ya yi wuf zai ɗauki hular. "Inna, ba ciwo ba ne, wallahi lafiyata lau..."

"Bar ta! Kada ka sa. Zo nan."

Ya zo ya durƙusa a gabanta. Ta kama kansa da hannayenta, tana shafawa daga goshi har ƙeya, ta taɓa kunnuwan, hawaye na bin kumatunta.

"Haka yake. Wallahi haka yake. Kan nan, kunnuwan nan... har yadda ka tsuguna da butar."

Na san mahaifinsa ya rasu tun Kamilou yana goye, kuma ko hoto bai bari ba. Amma ban taɓa jin Inna ta yi zancensa ba sai ranar.

"Kana yaro kullum sai ka dame ni, Inna yaya Baba yake, Inna da wa yake kama. In rasa abin da zan nuna maka. Yayyenka duk ni suka biyo." Ta share ido da bakin zane, tana murmushi. "Tashi ka je ka duba madubi, Auta. Ga babanka nan."

Ya tashi kamar mai tafiya cikin barci, ya shiga ɗaki.

Na ba shi lokaci, sannan na bi shi. Yana tsaye a gaban madubin, bai ko motsa ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gaban madubi, amma ban taɓa ganin ya kalli kansa haka ba. Ya ɗaga hannu a hankali ya taɓa gilashin.

"Nafi... shekara nawa ina shan magani don kada in gan shi."

"Ba ka sani ba ne."

Na tsaya a gefensa, muka haɗa ido ta cikin madubin. Akwai maganar da nake riƙe da ita tun ranar da muka kai Inna asibiti, na zame na leƙa wurin Dakta Zuhair ni kaɗai. Na so in bari hankalinsa ya kwanta da aikin idon tukuna. Yanzu kam ta ƙi zama a cikina.

"Tunda ga ka ga babanka," na ce, "ka yi masa albishir mana."

"Albishir na me?"

Na kamo hannunsa na ɗora a cikina.

"Ka ce masa ya kusa yin takwara."

Ya kalli hannun. Ya kalle ni. Sai kawai ya sulale ƙasa ya kai goshinsa ga tabarma, yana kuka yana hamdala, ni ma na durƙusa ina taya shi.

Daga tsakar gida muka ji muryar Inna.

"Sai yanzu ta faɗa maka? Ni da ido ɗaya ma na gani tun ranar da na sauka!"

Kamilou ya ɗago, fuska jiƙe, yana dariya. Ya riƙe hannuna gam.

"In mace ce fa, Nafina?"

"Sai mu sa mata Koubra."

Ya shafa kansa, ya ja kunnensa ɗaya, ya ɗaga hannu sama.

"Ya Allah, in mace ce, ka sa ta ɗauko kan uwarta!"

"Amin!" Inna ta amsa da ƙarfi daga waje. "Da kunnuwan ma!"